Bargo uku amma ɗari bai sake ni ba, ni kaɗai ne?

Direban Da:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tsoma baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekara uku ke nan da 'yan watanni da taya ta fashe mana a hanyar Zariya, ƙashin wuyana ya karye, laka ta taɓu. A takardata ta asibiti an rubuta C7, wato raunin a ƙashi na bakwai na wuya yake. Ina ɗaga hannu, ina tura keke a kan siminti, yatsu ne dai sai a hankali. Wannan rubutun ma da gaɓar yatsa nake dangwala shi, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Matsalata sanyi. Tun da hunturun nan ya kama, da an yi la'asar sakaliya sai in ji kamar an ɗura mini ƙanƙara a cikin ƙashi. Jiya bargo uku aka lulluɓa mini, har da mai nauyin nan da aka kawo mini tsaraba daga Makka, ga suwaita ga safa, amma sai wajen ƙarfe biyun dare na fara jin ni mutum ne. Uwargida tana gefe da zane ɗaya, wai ita zafi ma take ji. Abin da ya fi ɗaure mini kai, haƙorana na kaɗawa, kafaɗu na rawa, amma daga ƙirji zuwa ƙasa shiru kake ji. Ni ne fa nake kwana a kan benci a tashar Jos da riga ɗaya, in tashi da asuba in wanke fuska da ruwan buta in kama hanya.

Hajiyarmu ta ce sanyi ne ya shige ni tun kwanciyar asibiti. Ta ce a riƙa kawo kasko ɗaki da daddare, a kuma gasa mini ƙafafu da ruwan zafi safe da yamma. Gobe za a fara. Na ce bari in fara jin ta bakin waɗanda suka riga ni shiga wannan hali.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam Direba, don girman Allah kada a fara gashin nan. Ka ba Hajiya haƙuri, in ta ƙi ji ka karanta mata wannan nawa.

Maigidana birkila ne, daga kan gini ya faɗo, nasa raunin T4, wato a gadon baya daidai ƙirji. Hunturun farko bayan mun dawo gida haka ya riƙa kukan sanyi kamar kai. Wani dare tausayinsa ya kama ni, na tafasa ruwa na zuba a gorar roba, na naɗe ta da zanena ninki biyu, na taɓa na ji ɗumi mai daɗi, na tura ta tsakanin ƙafafunsa na ja bargo. Ya yi barcinsa lafiya lau, har yana mini godiya da asuba. Da na yaye bargon in juya shi, sai ga bororo a idon sawunsa, ya kai girman ƙwan kaza, ya cika da ruwa fal. Zanen ya zame cikin dare, robar ta kwanta a kan fata. Bai ji komai ba, ko ɗis. Wata huɗu muna zaryar wankin ciwo, kuɗin da muka tara na gyaran keke duk a nan ya ƙare. Har yau in ina sa masa safa na ga tabon sai gabana ya faɗi, don da hannuna na yi.

Kawu Mai Shayi:
Allah ya kiyaye gaba, Maman Biyu. Amma fa kada a mayar da iyayenmu marasa wayo. Da kasko aka rene mu duk, ba wanda ya mutu. Ƙanena shekara shida yana kwance, ni nake kula da shi. In sanyi ya taso masa ina haɗa masa shayi da citta da kanumfari da masoro, in mulke masa ƙafa da man zafi, in ajiye garwashi a kusurwar ɗaki, kuma yana samun sauƙi. Ita matsalar gora ce ta same ta, ba matsalar wuta ba. Komai aka ce na gargajiya sai a ce haɗari ne, to wa ke da kuɗin hita, ina ma wutar da za a jona ta?

Nas Mai Ritaya:
Kawu, shayinka ban da ja a kansa, a ci gaba da ba shi. Abin sha mai ɗumi yana ɗumama mutum daga ciki, kuma shi ne ma abin da ake so. A dai kula kada kofin ya zauna a kan cinya ko ya zube a kai.

Kasko kuwa, na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya, ba hunturun da ba a kawo mana waɗanda gawayi ya bugar a ɗaki rufe ba. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Mai lafiya zai ji ciwon kai da jiri, wataƙila Allah ya taimake shi ya rarrafa ya buɗe ƙofa. Wanda ba ya iya sauka daga gado fa? Ga shi masu rauni a wuya dama numfashinsu da tarinsu ba su da ƙarfi. Sannan in bakin bargo ya taɓa garwashi, ƙafa za ta fara ci kafin hanci ya ba da labari.

Game da gashi, ba sai ruwa ya tafasa yake ƙona mutum ba. Abin da bai fi digiri 44 ba, wanda kai za ka taɓa ka ce ɗumi ne kawai, in ya kwana a manne da fata yana dafa ta. Mu da muke ji, cikin barci muke janye ƙafa ba mu ma sani ba. Su ba wannan. Man zafi kuma yaudarar fata yake yi ta ji kamar ɗumi, to fatar da ba ta ji me zai yaudara? Mulkewar dai da mai mara yaji tana da amfani, don hunturu na tsattsage fata.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni rijiya nike gina, ƙasa ta rubza da ni, ƙugu ya samu, lokotoro ya ce L1. Ni kau jikina daga sama lahiya lau, ina zuhwa ina komi kamar kowa. Amma ƙahwahuna in ka taɓa su da sahe, wallahi kamar ka taɓa randa. Ni ban jin sanyin, ɗiyata ce ka cewa Baba ƙahwarka ta yi ƙanƙara. Da dare muna hura wuta tsakar gida mu zagaye ta. Sau guda na ji ƙaurin roba, ashe takalmina ne ya hwara narkewa ban sani ba. Tun rannan keke na baya, ɗiyata ta sa hannunta wurin ƙwabrina, in ta ji zahi ya yi yawa ta jawo ni. To mi ya sa ni ƙahwa kaɗai, shi Direba jiki duka?

Likitan Gashi:
Ni likitan gashin ƙashi ne. Tambayar Ɗan Maraɗi ita ce mabuɗin zancen, bari in ɗan ja ta da tsawo.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da likitoci ke kira haifotalamus. Shi ke riƙe zafin jiki a wajen digiri 37. Fata na aiko masa da labari cewa waje ya yi sanyi, shi kuma ya aika da umarni: jijiyoyin jinin da ke fata su tsuke kada ɗumi ya tsere, tsoka ta yi makyarkyata ta haifar da zafi. In rana ce ta ƙwalle, ya ce jijiyoyin su buɗe, gumi ya fito. Da labarin da umarnin duk hanya ɗaya suke bi, laka. Malam Direba, kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa in gada ta karye, na can ba sa zuwa, na nan ba sa tafiya.

Su wayoyin da ke tsuke jijiyoyin jini da masu sa gumi, daga laka suke fitowa tsakanin T1 da L2, wato daga gindin wuya zuwa ƙugu. Kai naka raunin a C7 yake, ka ga dukkansu suna hayin gadar. Shi ya sa haƙora da kafaɗu kaɗai ke rawa, iya inda umarni ke isa ke nan. Ƙasa kuwa jijiyoyin ba sa tsukewa yadda ya kamata, ɗumi na ta zurarewa kamar an bar taga a buɗe. Ɗan Maraɗi nasa a L1 ne, kusan duk wayoyin suna wannan gefen, don haka cikin jikinsa na riƙe zafinsa. Ƙafafun ne jini ba ya zagayawa sosai saboda ba sa motsi. Iyakar da muke sa wa ido ita ce T6, wajen ƙarshen ƙashin ƙirji. Daga nan zuwa sama abin ya fi tsanani, har jikin mutum ya riƙa bin zafin ɗakin da yake ciki, kusan irin na ƙadangare da sai ya hau katanga ya sha hantsi kafin ya iya gudu. Wanda lakarsa ba ta yanke gaba ɗaya ba yakan fi samun sauƙi.

Ƙari a kan haka, tsoka ita ce murhun jiki. Cinyar da ta yi shekara uku ba ta aiki ta zube, murhun ya ƙanƙance.

Ba yau aka gano wannan ba. Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, wanda wasannin da ya fara shirya wa majinyatansa a 1948 suka zama tushen gasar Faralimfik, wato gasar wasannin naƙasassu ta duniya, yakan barbaɗa wa mutum wata hoda a jiki a sa shi wuri mai zafi. Inda gumi ya fito hodar ta rine ta yi duhu, inda bai fito ba ta zauna yadda take. Sai ka ga iyaka a jikin mutum kamar an shata ta.

Saboda haka abin da ke damunka ba wani sanyi ba ne da ya shige ka a gadon asibiti da za a gasa ya fita.

Direban Da:
Allahu akbar. Likita, shekara uku ina zuwa ganin likitoci ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini wannan. An ce jiki magayi, ashe namu ya daina gaya mana. To yanzu in ba kasko ba gashi, haka zan zauna ina kaɗa haƙora har watan Maris?

'Yar Jos:
Hahaha, Yaya Direba, kai da kake Kano kake kuka, mu da ke kan dutse mu ce me? Nan akwai daren da ke sauka ƙasa da digiri 10. Ni T2 ce, harbi ne, shekara tara ke nan, don haka na sha hunturu tara a kan keke.

Babban abin da na koya, kada ka bari sanyin ya riga ka shiga. In ya shiga, sa'o'i yake ɗauka kafin ya fita, ko bargo goma aka jibga maka, don bargo ba ya kawo ɗumi, wanda ke jikinka yake tarewa. In babu me zai tare? Kai da la'asar yake kama ka, to tun ana kiran la'asar ka shige ɗaki a sa maka kaya, kada ka tsaya hira a ƙofar gida har magariba. Wanka kuma ka mayar da shi tsakar rana. Ni wankan safe na daina shi tun tuni, duk mai surutu ya yi.

Sai kai da wuya. Hular sanyi da mayafi a wuya sun fi mini bargo biyu, don can ne nake ji, in can ya ji ɗumi sai hankalina ya kwanta. Kaya marasa nauyi hawa uku sun fi guda ɗaya mai kauri, in rana ta ɗaga ka rage ɗaya. Bargon Makkan nan naka ka yi hankali da shi, nauyinsa na danne yatsun ƙafa da diddige, gyambon kwanciya ba ya sallama. Safa ma mai sakin baki, in an cire an ga ta bar zobe a ƙwauri to ta matse. A riƙa laluba zanen gado cikin dare, in fitsari ya ɗiga ya jiƙe, kana kwance cikin ruwan sanyi ba ka sani ba.

Abu na ƙarshe, sayi ma'aunin zafi a kemis, ba shi da tsada. Ga dalilina. Akwai wani sanyi da nake ji a ƙafafuna kamar an tsoma su a ruwan ƙanƙara, ko a watan Afrilu. Da can sai in sa a yi ta lulluɓa ni har in fara jiri. Da na fara aunawa sai in ga 36.8, ƙanwata ta taɓa ƙafar ta ce da ɗuminta. Ashe jijiyoyin da suka ji rauni ne ke ƙarya, kamar yadda wasu ke jin ƙuna ko tsira. Wannan bargo ba ya maganinsa, likita ne ya rubuta mini magani ya ragu. Kai kuwa da haƙoranka ke kaɗawa, ina zaton naka na gaske ne, amma auna ka gani.

Nas Mai Ritaya:
'Yata ta Jos ta gama magana. In ƙara lambobi kawai. A auna a ƙarƙashin harshe, ba nan take bayan shan shayi ba, a jira kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Na hammata yakan nuna ƙasa da gaskiya kaɗan. In ya sauka ƙasa da 35, ko aka ga mutum yana magana tana harɗewa, yana gyangyaɗin da ba a saba gani ba, ko ya rikice, wannan ba na gida ba ne, a lulluɓe shi har kai a tafi asibiti. In kuma ya kai 38 yana rawar sanyi, kada a ce hunturu ne. A dubi fitsari ko ya yi kauri ko wari, a dubi ɗuwawu da diddige ko akwai gyambo, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Sau da yawa mai robar fitsari in ya ce yau sanyin ya bambanta da na kullum, cuta ce ta shiga mafitsara.

Ɗan Maraɗi, kai kuma in wata rana aka ga ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta ɗumi ko ta canza launi, kada a murza ta, jini ne kan daskare a jijiya. A tafi likita a ranar.

Mai Gyaran Waya:
Ni shan inna ce tun ina ɗan shekara biyu, ƙafata ta hagu ita ma kullum a sanyaye take, hunturu har tsami take mini. Ina jin ɗumin wuta abina ban taɓa ƙonewa ba. Ko dai ana tsorata mutane ne?

Likitan Gashi:
Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Shan inna jijiyoyin motsi take kashewa ta bar na ji, in wuta ta yi maka yawa za ka sani ka matsa. Keken iri ɗaya ne, jikin ba iri ɗaya ba. Shi ya sa shawarar da ta yi maka daidai za ta iya raunata Direba.

Basakkwace:
Ku dai kuna ta zancen sanyi, ni wallahi hunturu hutu ne gare ni. Ku bari bazara ta zo. Ni C6 ne, ko ɗigon zufa ba na yi daga ƙirji zuwa ƙasa. Nan in Afrilu ya kama rana na wuce 40, ɗakin kwano, ba wuta. Shekarar farko na fita ɗaurin aure na zauna cikin rumfa kamar awa biyu, kowa na sharce gumi, ni a bushe ƙayau har ana cewa ka ga mai sanyin jiki. Can sai kaina ya fara sarawa, ido na ganin duhu, zuciya na tashi. Da aka kai ni gida aka auna, ya haura 39, ba kuma zazzaɓi ba ne, rana ce kawai ta taru a jikina ba ta da mafita.

Yanzu ina yawo da 'yar robar fesa ruwa irin ta masu aski. A fesa mini a fuska da wuya da hannuwa, fanka mai caji ta busa, ka ga na yi zufar aro. Tsumma mai ruwan randa a wuya. Fanka kaɗai ba ruwa, in iskar ɗakin ta yi zafi, wuta take hura maka. Kuma likitana ya gaya mini maganin mafitsarar da nake sha, oksibutinin, shi ma yana rage zufa, ga mai shan sa ya sani.

Azumin da ya faɗo cikin zafi kuwa na gwada kwana biyu na ga ba zan iya ba, fitsari ya koma kamar shayi. Na je wurin malami na yi masa bayani, ya ce mara lafiya na da rangwame. A nan zauren wani ya taɓa ce mini raunin imani ne. Na yafe masa, bai taɓa zama cikin jikin da ba ya zufa ba.

Malam Na Zaure:
Wanda ya faɗa maka haka ya yi kuskure, addini bai ɗora wa rai abin da zai halaka shi ba. Haka ma alwalar asuba a hunturu, a ɗumama ruwan, mai jinya ya gwada da gwiwar hannunsa kafin a zuba. In ruwan zai cutar, ga taimama. Kowa dai ya kai wa malaminsa bayanin halinsa dalla-dalla.

Ƙanwar Yaya:
Don Allah ku taimaka, ina karantawa ne yanzu haka a gefen yayana. Nasa a wuya ne, wata takwas da haɗarin. Ku kuna cewa ba a gumi, shi kuwa tun bayan isha'i gumi ke keto masa a goshi da wuya duk da sanyin nan, fuskarsa ta yi ja, hancinsa ya toshe, yana cewa kansa kamar ana buga guduma. Mun yaye bargon mun kunna fanka mun kwantar da shi, abin sai ƙaruwa yake.

Nas Mai Ritaya:
'Yata ajiye komai ki yi abin da zan faɗa miki yanzu. Kada ku bar shi a kwance. Ku tayar da shi zaune, ƙafafu su sauko ƙasa. Ku sassauta duk abin da ya matse shi, tazuge, safa, maɗaurin jakar fitsari. Sannan ki bi robar fitsarin da hannu tun daga jiki har jaka, ki ga ko ta lanƙwashe, ko ya danne ta, ko jakar ta cika. In kuna da na'urar awon jini ku auna. In kin duba ba ki ga dalili ba, ko ciwon kan bai sauka ba cikin 'yan mintuna, ku nemi mota ku tafi asibiti yana zaune, kada ku jira safiya.

Wannan ba zafi yake ji ba. Wani abu ne ke damun jikinsa a ƙasa, galibi mafitsara ta cika, ko bayan gida ya taru, ko gyambo, ko farce ya shige nama. Shi ba ya ji, sai jikin ya amsa da hawan jini na farat ɗaya. Masu rauni daga T6 zuwa sama yake samu, sunansa otonomik disrifileksiya, ki rubuta a takarda ki nuna a asibiti don ba kowane ma'aikaci ya saba da shi ba. Kuma ki gaya musu jinin irinsu dama ƙasa yake zama, wajen 90 zuwa 110, don haka in an ga 140 kada a ce ai lafiya lau ne. Yana iya kai wa ga farfaɗiya ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Je ki duba, ki dawo ki gaya mini.

Maman Biyu:
Innalillahi. Allah ya kawo sauƙi. Muna nan muna jira.

Ƙanwar Yaya:
Mama Nas, Allah ya saka miki da aljanna. Robar ce ta naɗe a ƙarƙashin cinyarsa lokacin da muka juya shi muna gyara bargo, jakar ba komai a ciki tun magariba ba mu lura ba. Ina warware ta fitsari ya taho har jakar ta kusa cika. Yanzu ya ce kan ya sake shi, gumin ya tsaya. Hannuna har yanzu rawa yake.

Nas Mai Ritaya:
Alhamdu lillahi. Ku bar shi a zaune tukuna, ku sa masa ido na awa biyu, in ya dawo ku tafi asibiti. Ku mayar masa da bargonsa, ku canza rigar da ta jiƙe, ku kashe fankar nan. Gobe ku gaya wa likitansa abin da ya faru.

Kawu Mai Shayi:
To ni dai jikina ya yi sanyi. Ƙanena ya sha yin irin wannan gumin, ni kuwa murna nake ina cewa citta ce ke fitar da sanyin. Hajiya Nas, na karɓi maganar roba da ta gashi. Amma maganar garwashi har yanzu ina da ja. Ɗakinmu na ƙasa ne, taga ba ta rufuwa, iska na shiga ta ko'ina. In na fitar da wutar me zan ba shi?

'Yar Jos:
Kawu, ɗumama kayan, ba mutumin ba. Mu a tsakar gida ake hura wutar, a shanya bargo da rigar barci nesa kaɗan da ita su sha ɗumi, ko a bi zanen gado da dutsen guga, a jira mai lafiya ya kara kumatunsa ya ji ba zafi, sannan a kwantar da ni. Wutar ba ta shiga ɗaki. Tagar kuma a toshe ta da kwali, tunda ba wuta a ciki ba abin tsoro.

Kawu Mai Shayi:
Zan gwada na kwana uku. In ya kwana yana kuka da ni zan dawo in faɗa muku, ba zan ɓoye ba.

Direban Da:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. An sayo ma'aunin. Daren farko ban canza komai ba don in ga gaskiyar abin, ƙarfe tara uwargida ta sa mini a baki, 35.4. Ta kalle ni na kalle ta. Ita da take cewa wani lokacin raki ne, sai ga ta tana share hawaye da bakin mayafi.

Washegari muka juya tsarin. Wanka bayan azahar, a rana, bayan ta gwada ruwan da gwiwar hannu. Ana kiran la'asar na bar majalisar ƙofar gida, abokai har suna tsokanata wai na zama amarya. Hula, mayafi a wuya, riga hawa uku, kunu mai zafi kafin magariba. Bargon Makka an mayar da shi ƙasan akwati, an bar biyu marasa nauyi. Jiya da daddare 36.3, na kuma yi barci tun kafin sha ɗaya. Ƙafafun ma ba su yi ta harbawa kamar da ba, ban sani ba ko sanyin ne dama ke tayar da su.

Hajiya kuwa an sha fama. Na karanta mata labarin Maman Biyu, ta yi shiru, ta ce a nuna mata inda aka rubuta ƙwan kaza. Gashi dai ta janye. Kasko ma ta yarda ya tsaya tsakar gida, ita da kanta take shanya bargon a gefensa tana juyawa. Amma har yanzu ta ce sanyi ne, kuma cittar da take zuba mini a kunu ce ta kore shi. Na ce haka ne, Hajiya.

Likitan Gashi:
Madalla. Sanyi na ƙara wa wasu sanƙarewa da harbawar ƙafa, ba mamaki shi ne. Ka riƙa rubuta awon a littafi, safe da dare, ka tafi da shi ranar ganin likita. In rana ta ɗaga kuma a rage maka kayan, kada a manta da kai cikin suwaita har azahar.

Basakkwace:
Hular wace iri ka samu, Direba? Ni duk wadda na saya sai ta zame cikin dare, ba ni da yatsun jawo ta.

Direban Da:
Ta 'yata ce ta makaranta, mai igiya a haɓa, ja da ɗan tuntu a sama. Ita kaɗai ce ba ta zamewa. Na hana a ɗauke ni hoto.